Shafin da Auta Ba Ta Kai Ba

A unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Safiyo, wato mai awon ƙasa, ake ce masa tun yana aiki, aka ci gaba da ce masa haka bayan ya yi ritaya, har matarsa ma idan ta so tsokana. Dogon mutum ne mai ɗan ranƙwafawa, irin ta wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙa na'urar awo a tsakiyar rana. A jami'a ya koyi aikin. Ya auna filaye da hanyoyi da gonaki, da gwiwoyinsa suka fara ƙorafi aka mai da shi ofis yana duba taswirar da wasu suka zana. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ba su san shi da faɗa ba, sai da doka guda: kada ka sake rubuta lamba da hannunka matuƙar akwai hanyar ɗauko ta daga inda aka fara rubuta ta. Ya taɓa ganin bakwai ta koma ɗaya tsakanin fili da tebur, kuma yana tsaye a wurin ranar da aka rushe katangar wani bawan Allah saboda haka. Tun daga nan bai ƙara yarda da hannu ba, har nasa.

Matarsa malamar makaranta ce, ita ma ta ajiye aiki, kowa Malama yake ce mata. 'Ya'yansu maza sun yi nisa da iyalansu, sai a waya. Wadda ta zauna da su ita ce Auta, gajera, mai saurin magana, wadda ba ta taɓa shanye shayi da zafinsa ba. Tana aiki a wani kamfani da ke ajiye wa mutane bayanansu, ita ke kula da faya-fayan da komai ke kwance a kansu. Manhajar da take sarrafa su da ita ba ta da hoto, ba ta da launi. Baƙin allo ne kawai, ka buga umarni, ta yi abin da ka ce, ba ta tambayar ko ka tabbata. Kowane umarni yana da shafinsa na bayani, a kan baƙin allon ake karanta shi, da misalai a ƙasa. Manhajar ba ta kowa ba ce. Mutane ne daga wurare daban-daban, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, suke gyara ta idan sun samu sarari. Auta tana cikinsu, kuma ta zaɓi aikin da ba wanda ke so.

Wata Asabar da hantsi ta kira shi ɗakinta.

"Baba, zo mu gwada idon nan naka da ake ba mu labari." Ta nuna masa gajerun layuka biyu a allo, kowanne kamar ƙwayar shinkafa a kwance. "Mene ne bambancinsu?"

Ya sa tabarau, ya matso, ya ja da baya. "Karan ɗori ne, duka biyun."

"Ka faɗi. Safiyo guda."

"Kawo rula."

"Rula ba za ta cece ka ba." Ta juyo da kujerarta. "Na hagu shi ne wanda ke kan madannai, shi manhajar ta sani. Duk sharaɗin da za ka gindaya mata da shi yake farawa: yi a hankali, kada ki goge, gwaji kawai. Na dama kuwa na littafi ne, na haɗa kalma da kalma. Wanda ya rubuta shafin na hagu ya buga, amma da aka zo nuna shafin a allo, sai abin da ke tsara rubutun ya yi masa kwalliya ya mai da shi na dama. Kai kuma ka zo ka kwafi misali ka liƙa, kana ganin komai daidai. Ita ba ta ga sharaɗi ba, wata baƙuwar kalma ta gani."

"Sai ta tsaya."

"In ka yi sa'a."

Maganin, in ji ta, shi ne a shiga asalin rubutun shafin, a sa wata 'yar sanda mai jingina baya a gaban kowane karan ɗori na umarni. Sandar ce ke gaya wa mai tsara rubutu ya bar wannan yadda yake. Ba a iya sa na'ura ta yi aikin gaba ɗaya, domin waɗanda ke haɗa kalmomi a cikin bayani dole a ƙyale su. Sai mutum ya karanta layi-layi ya raba. Shafukan suna da yawa, ita kuma ta ɗauko su bi da bi, daga harafin farko.

Malama tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Yanzu duk karatun nan da muka yi miki, ƙarshensa ki zauna kina dasa sanduna kamar mai shingen lambu?"

"Gado na yi, Mama. Mijinki ya ƙare rayuwarsa yana kafa turaku a filin mutane."

"Aƙalla nasa ana gani."

Safiyo ya fita daga ɗakin yana jin daɗi. A duk abin da Auta ke yi, wannan ne kaɗai ya fahimta har ƙasa.

A ƙarƙashin teburinta akwai wani baƙin akwati, bai fi tsawon gwiwa ba, da fanka a bayansa da 'yan fitilu biyu a gaba. Faya-fayai biyu ne a ciki, tagwaye take ce musu, domin duk abin da ke kan ɗaya yana kan ɗayan. A ciki ta tara hotunan gidan da bidiyo, da kuma muryarta. Auta mutum ce mai tunani da baki. In aiki ya cushe mata sai ta kunna rikoda a waya ta yi ta magana ita kaɗai, tana faɗa da kanta, tana dariya, daga baya ta zuba a akwatin. Ta koya wa Safiyo yadda zai duba lafiyar tagwayen idan ta yi tafiya: ya buɗe shafin bayani, ya shafa misalin da linzamin kwamfuta, ya kwafa, ya liƙa, ya danna babban maɓalli.

"Kada ka buga da hannu, Baba. Yatsun nan naka na guduma ne. Ka kwafa. Wannan shafin na gyara shi."

Ba sai ta nanata ba. Abin da ya yi ta koya wa mutane ke nan duk rayuwarsa.

Sai ciwo ya kama Auta, aka kuma gano shi a makare. Ta kwanta asibiti, ta dawo gida, ta sake komawa. A gadon asibitin ma da kwamfutarta a kan cinya tana dasa sandunanta, har idanunta suka daina jure hasken allo. Daga nan sai rikoda. Yakan shigo ya tarar tana magana ƙasa-ƙasa, ta ga shi ta kashe, ta ce, "Ba naka ba ne tukuna." A dawowarta ta ƙarshe gida ta zuba su duka a akwatin da kanta. Ta rasu da safe, ranar da aka ce za a sake yi mata gwajin jini.

Bayan mutane sun watse, gidan ya rabu biyu ba tare da kowa ya faɗa ba. Malama ba ta ƙara shiga ɗakin Auta ba. In za ta wuce ƙofar ma sai ta ƙara sauri. Safiyo kuwa kullum bayan karin kumallo yakan shiga, ya tura ƙofa, ya goge ƙurar tebur, ya kwafi layin nan ya liƙa, ya karanta cewa tagwaye lafiya lau. Sai ya zauna yana sauraron fanka. Bai taɓa buɗe muryar ko ɗaya ba. Yana ganin sunayensu a jere, da ranakunsu, har na asibitin, ya rufe. A lissafinsa, muddin bai saurara ba, akwai maganar Auta da ba ta iso ba tukuna. In ya saurara ta ƙare.

Haka aka shekara, har safiyar da ya tura ƙofa ya ji akwatin yana wani siririn kuka, ya yi shiru, ya sake. Fitila ɗaya ta koma ja.

Ya kira Injiniya. Ita ce shugabar Auta a wurin aiki, mace mai jiki da babbar murya, wadda ba ta yanke zumunci da gidan ba. Ta sa ya karanta mata abin da allo ya nuna.

"Ɗaya ya gaji, Baba. Ba abin tashin hankali ba ne, don haka ta yi su biyu. Zan aiko maka da sabo yau. Ni an tura ni reshenmu na wani gari, sai ƙarshen mako zan dawo in sa maka. Kafin nan kada ka taɓa komai."

"Ɗayan fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Sai dai ba a son a daɗe, tunda rana ɗaya aka sayo su, shekarunsu ɗaya."

Ta faɗi haka ne kawai don ta cika bayani, ta kashe waya ta ci gaba da harkarta. Shi kuwa maganar ta zauna masa a ƙirji. Shekarunsu ɗaya. Da rana aka kawo sabon faifan a kwali, ya ajiye shi a kan tebur. Ya durƙusa ya kara kunne a jikin akwatin. Akwai wani ƙas-ƙas da yake ji can ciki, bai san ko daga mai ciwon ba ne ko daga mai lafiyar, bai kuma san ko dama can akwai shi ba. Ya fita, ya dawo, ya sake durƙusawa. Abinci ya ƙi shiga. Malama ta dube shi ta ce, "Ko gwiwar ce?" Ya ce ita ce.

Washegari ƙas-ƙas ɗin ya ƙaru, ko kuwa kunnensa ne ya ƙara kaifi. Ƙarshen mako ya yi masa nisa kamar wata shekara. Ya zauna ya nemo shafin umarnin da ke kwashe abin da ke kan faifai ya zuba a kan wani. Shafin yana can wajen ƙarshen jerin, bai taɓa buɗe shi ba. Ya karanta shi daga sama har ƙasa, ya sake, ya sake. Abin ba wuya. A sa sunan faifan da za a kwasa da farko, sannan sunan wanda za a zuba wa. Duk abin da ke kan na biyun zai tafi. Saboda haka, in ji shafin, a fara da sharaɗin gwaji kawai: manhajar za ta faɗi abin da za ta yi, da lambar kowane faifai, ba tare da ta taɓa komai ba.

Wannan ya kwantar masa da hankali. Gwaji kawai zai yi. In ya ga abin da bai gane ba, ya tsaya ya jira Injiniya.

Ya yi komai a tsanake, yadda ya saba. Ya kwafi sunayen faya-fayan daga allo ya ajiye gefe, don kada hannunsa ya shiga ciki. Ya kashe akwatin yadda Auta ta nuna masa. Ya kwance murfi da sukudireba, ya jera sukurorin a cikin faranti, ya zare mai ciwon ya naɗe shi a tawul, ya zura sabon a gurbinsa. Da ya kunna, ya jira har fitilar tsohon mai lafiyar ta kawo kore. Sannan ya shafa misalin gwajin daga shafin, ya kwafa, ya liƙa, ya liƙa sunayen biyu a bayansa. Ya karanta layin harafi-harafi da yatsa a kan allo. Kalmar gwaji tana nan, da karan ɗorinta biyu a gaba. Ya yi bismillah ya danna.

Bayani yake jira. Abin da ya fito wani siririn layi ne a ƙasan allon, ya fara tsawo daga hagu. Fitilun biyu suka shiga ƙiftawa da sauri.

Ya ce a ransa wataƙila haka gwajin yake, sai ya gama lissafi zai yi magana. Ya zauna ya haɗa hannuwa a cinya. Layin ya ƙara tsawo. Fankar ta ƙara ƙarfi, ya kai tafin hannu bayan akwatin ya ji iska mai ɗumi. Abin da ba ya taɓa komai ba ya ɗumi haka. Ya ɗauki waya.

Ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya sake. Tsakanin kira da kira yana kallon layin, yana kuma ƙoƙarin kada ya kalla. A kira na ƙarshe ta ɗauka da raɗa.

"Baba, ina mitin ne."

"Na sa sabon. Gwaji na ce ta yi. Akwai wani layi yana tafiya."

Ya ji an ja kujera, ya ji ƙofa ta rufe, sannan muryarta ta dawo sosai. "Gwaji ba ya fitar da layi. Karanta min abin da ka sa."

Ya karanta.

"Bugawa ka yi ko kwafa?"

"Kwafa. Ba na buga komai da hannu."

"Daga wane shafi?"

Ya faɗa mata.

"Auta ba ta kai nan ba, Baba. A wanda ke kafinsa ta tsaya. Manhajar ba ta ga gwajin ba, ta ɗauka laƙabi ne ka ba aikin. Da gaske take yi."

Ya kama abin da ya rage masa. "Na sa su daidai. Tsohon da farko, sabon daga baya. Daga allo na ɗauko sunayen."

"Kafin ka kashe akwatin, ko bayan ka kunna?"

"Kafin."

"Sunayen nan ba a jikinsu suke ba. Duk sanda aka kunna, wanda ya riga tashi shi ke ɗaukar na farko. Wataƙila suna nan yadda ka bar su. Wataƙila sun yi musaya."

Ya gane, kuma ya so a ce bai gane ba. Ko dai Auta ake zubawa a kan sabon faifai, ko kuwa wofin sabon ake zubawa a kan Auta, kuma layin da ke tafiya a allo iri ɗaya ne ko wanne ne. Hannunsa ya nufi soket.

"Kada ka zare wuta," in ji Injiniya, kamar tana ganinsa. "Tsohon faifai in ya tsaya da ƙarfi ba lallai ya sake tashi ba. Akwai umarnin tsayarwa. Shi ma kada ka kwafo. Zan faɗa maka, ka buga da hannunka. Sa ni a sifika."

Ya ajiye wayar a tebur. Ta fara kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Yatsansa ya sauka a kan maɓalli biyu lokaci guda. Ya goge. Ya sake, ya tsallake harafi, manhajar ta ce ba ta san wannan ba. Layin yana tafiya.

"Baba, ka ja numfashi. Daga farko."

"Ba na ganin haruffan."

"Matsa."

Malama ce. Bai ji buɗe ƙofar ba. Tana tsaye a cikin ɗakin, hannunta da kumfar wanke-wanke, ba ta kallon gado, ba ta kallon rigunan da ke rataye, allon kawai take kallo. Ya tashi ya ba ta kujera. Ta goge hannu a zani, ta zare tabarau daga fuskarsa ta sa a tata.

"'Yata, Malama ce. Faɗa min."

Da yatsa ɗaya ta buga. In Injiniya ta kira harafi sai ta maimaita shi da baki, ta neme shi, ta danna, ta ce, "Na sa." Da aka zo karan ɗori ta tambaya ina yake, aka ce mata sama, kusa da sifiri. Safiyo yana tsaye a bayanta ya riƙe kan kujerar. Ta danna babban maɓalli. Layin ya tsaya. Bai kai rabi ba, amma ya wuce inda za a ce kaɗan ne. Fitilun suka daina ƙiftawa.

"Saura ɗaya, Mama. Wannan zai nuna mana lambar da ke jikin kowanne." Ta sake kiran haruffa, Malama ta sake bugawa. Layuka biyu suka fito. "Baba, ɗauko kwalin da sabon ya zo a ciki. Akwai sitika a gefe. Mama ta karanta lambar na farko, wanda ake kwasa, kai kana duba kwalin."

Malama ta fara karantawa. Ba shi da tabarau, ya miƙar da hannu da kwalin can nesa. Harafin farko ya yi daidai. Ya ce a ransa kamfani ɗaya ne, dole farkon ya zo ɗaya. Na biyu ya yi daidai. Ta ci gaba da muryarta ta aji, ba sauri, ba rawa, shi kuma yana bi da farcen babban yatsa, yana jiran inda za su rabu. Ba su rabu ba har ƙarshe.

"Baba?"

"Ita ce," in ji shi. "Lambar kwalin ce."

Ya ajiye kwalin a kan tebur, ya daidaita shi da gefen teburin.

Injiniya ta ce kada a ƙara danna komai, kada a kashe, ga ta nan tafe. Ta bar mitin ɗin ta kamo hanya, ta iso da la'asar da jakarta. Ba ta yi masa faɗa ba. Ya so ta yi. Ta kashe akwatin da kanta, ta zare tsohon faifan, ta karɓi mai ciwon da ke cikin tawul. Ta ce abin da aka bi ta kansa ya tafi, ba mai dawo da shi. Abin da layin bai kai ba yana nan, sai dai a tsinto shi. Mai ciwon kuma wataƙila ya yarda a karanta shi sau ɗaya, wataƙila ya ƙi.

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba."

"Ban nema ba."

Bayan ta tafi suka zauna a falo, kowa a kujerarsa. Ɗakin Auta a buɗe, kuma a karon farko ba ƙarar fanka. Malama ce ta fara magana.

"Me ta ce a ciki?"

"Ban sani ba."

"Na asibitin nake nufi."

"Ban saurara ba. Ko ɗaya."

Ta juyo ta dube shi sosai. "To me kake shiga yi kullum, ka tura ƙofa?"

"Goge ƙura."

"Ni ina can kicin ina sakin famfo don kada in jiyo muryarta ta bango. Shekara guda ina ɓarnar ruwa, ashe ƙura kake gogewa." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Na ɗauka ka haddace su. Na ce duk ranar da na iya, sai in tambaye ka."

Abin da ya fi tsorata shi ba asarar ba ce kaɗai. In sun tafi, bai ma san me ya tafi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su da waya a aljihun gaba. In ta yi ƙara sai ya zaro ta da sauri, in ba ta yi ba ma sai ya zaro ya duba. Bai kira Injiniya ba. Ya san in da labari za ta faɗa, kuma muddin ba ta faɗa ba, ba a ce babu ba. Ya gyara famfon bayan gida da ba abin da ya same shi. Ya fita siyan burodi ya dawo hannu wofi. 'Yan mazan suka kira, ya ce musu kowa lafiya.

Ranar da ta zo, da hantsi ne, da jakar aikinta a hammata. Ta gaishe su, ta ƙi zama a falo, ta wuce ɗakin ta haɗa komai. Mai ciwon ya ba da kaɗan kafin ya mutu gaba ɗaya. Daga tsohon ta tsinto abin da ta iya. Hotuna da yawa sun dawo. Muryoyi ma akwai.

"Nawa daga ciki?" in ji Safiyo.

"Ba wanda zai iya faɗa. Wurin da ke riƙe da sunayensu da ranakunsu a farkon faifan yake, shi aka fara bi ta kai. Abin da na samo ba suna, ba rana, lambobi kawai na ba su. Wasu cikakku ne, wasu rabi, wasu ba komai a ciki sai iska. Ban buɗe ba, ba hurumina ba ne."

"Na asibitin suna ciki?"

"Sai an saurara za a sani."

Ta ce ta gyara shafin nan, ta aika, an karɓa. Ya tambaye ta sauran da ke bayansa. Ta ce suna nan yadda suke, tana bi in ta samu lokaci. Ya tambaya ko akwai masu kwafa daga cikinsu. Ta ce kullum. Ya gyaɗa kai, ya dubi allon, bai ƙara tambaya ba.

Malama ta raka ta ƙofar gida, ta dawo da kujerar roba daga tsakar gida, ta ajiye ta kusa da tasa a gaban teburin. Lambobin suna jere a allo, dogon jeri, ba abin da ya bambanta ɗaya da ɗaya.

"Sa," in ji ta.

"Wanne?"

"Na sama. Kai da kake son tsari."

Ya kai linzami kan na farko. Yatsansa ya daɗe a wurin kafin ya danna. Shuuu kawai, kamar rediyon da ya ɓace tasha, har ya ƙare. Na biyu ma haka. Ya danna na uku.

Aka ji ƙarar cokali a kofi. Sannan muryar, kusa sosai, da saurinta, a tsakiyar magana: "...a'a, ba haka ba ne, ke ma kin san ba haka ba ne. In wutar ce da duka za su mutu. To me ya sa na ƙasa kaɗai? Kai, shayin nan ya huce kuma. Bari dai in duba igiyar, in ba ita ba ce to wallahi gobe sai na..."

Ya yanke a nan.

Safiyo ya cire hannunsa daga linzamin ya ɗora a gwiwa. Malama ta jawo gefen mayafinta ta goge hanci, ta gyara zama a kujerar roba.

"Sa na gaba," in ji ta.